Batir biyu da altaneta ɗaya cikin wata biyar, yanzu kuma an ce ƙwaƙwalwar motar ce

Malamin Sakandare, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wutar mota, domin lamarin ya kai inda ba na son in sake fitar da ko sisi ba tare da na fahimci abin da ake gyarawa ba. Wata biyar da suka wuce na sayi ƙaramar mota 'yar Kwatano, ƙirar 2010, a hannun wani dillali mai filin sayar da motoci a nan Katsina, muka yi takarda cewa duk abin da ya taso na inji ko na wuta cikin wata shida garejinsa ne zai gyara, ni in biya kuɗin kaya kawai. Mako ukun farko lafiya lau. Daga nan sai ta tsiri wata ɗabi'a: idan na ajiye ta ranar Juma'a da yamma ban sake taɓa ta ba sai Litinin da safe, in na murɗa makulli sai in ji ƙas-ƙas-ƙas, ba za ta tashi ba sai maƙwabcina ya kawo tasa motar an ja mata wuta. Amma matuƙar kullum ina hawanta, ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Akwai kuma abu na biyu wanda ya fi tayar mini da hankali. Da dare, idan fitilu da esi suna kunne, wani lokaci fitilun dashbod sukan yi ƙyaf-ƙyaf, rediyo ya ɗauke ya dawo, fitilar sitiyari ta kama, sitiyarin ya yi nauyi na ɗan lokaci. Ya taɓa yi mini haka a shataletale, iyalina suna cikin motar.

Zuwana garejin sau huɗu ke nan. Na farko aka ce batir ya mutu, na sayi sabo. Na biyu aka ce wanda na saya jabu ne, na sake sayen wani. Na uku aka canza altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, da ta Beljiyam. Jiya kuma aka ce ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ce ta lalace, sai an yi odarta daga Kano, alhali saura wata ɗaya wa'adin takardarmu ya cika. In biya a kawo, ko in janye motata?

Tsohon Direba, Daura:
Wa alaikumus salam Malam. Janye motarka. Shekara talatin na yi ina jan Fijo 504 tsakanin Daura da Kano, kuma a lokacin wutar mota ba ta wuce batir da kwayil da ɗan akwatin fiyus ba, ko a daji ta tsaya maka da filaya za ka tashe ta. Waɗannan na yanzu kuwa an cika su da kwamfuta, duk bakaniken da ya rasa abin faɗa sai ya ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi. Ka tayar da injin ka cire kan batir guda ɗaya. Idan motar ta mutu altaneta ce ba ta caji, idan ba ta mutu ba altanetar lafiyarta ƙalau, ka ga an rage zato ɗaya.

Mai Wayarin, Ƙofar Ƙwaya:
Baba, Allah ya ƙara girma, a gafarce ni in yi gyara a nan kafin Malam ya gwada. Wannan gwajin ya yi aiki a zamanin 504 saboda babu abin da zai ƙone a cikinta, amma a motar 2010 haɗari ne, domin batir shi ne ke shanye tsallen da wuta ke yi, kuma idan aka cire shi injin yana aiki wutar altaneta takan yi sama nan take, ta iya ƙona ita kanta ƙwaƙwalwar da ake zargi. Na sha karɓar motocin da aka kawo mini bayan wannan gwajin, lafiyayyar ƙwaƙwalwa ta zama matacciya.

Malam, daga bayaninka ni ina ganin cuta biyu ce, ba ɗaya ba, kuma babu wadda ta yi kama da ta ƙwaƙwalwa. Motar da ke tashi kullum amma ta ƙi tashi bayan kwana biyu da rabi a ajiye, akwai abin da ke shan batirinta tana kashe. Ba a gano wannan da ido ko da zato, da mitar awon wuta ake gano shi. Batir mai lafiya da ya kwana ba a taɓa shi ba yakan nuna kusan bolt 12.6, idan ya sauko 12.2 kusan rabinsa ya tafi. Injin yana aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7, wanda shi ne shaidar altaneta tana caji. Wannan awon bai fi minti biyu ba, kuma da an yi shi ran da ka je karo na uku da an san ko tsohuwar altanetarka tana da laifi ko ba ta da shi. Ka tambaye su ko sun auna, kuma nawa suka gani.

Awo na gaba shi ne mai muhimmanci. A kashe mota, a cire makulli, a rufe ƙofofi, a jona mita tsakanin baƙin kan batir da wayarsa, sannan a jira kamar rabin sa'a har na'urorin motar su yi barci. Abin da mota ke ja a wannan hali bai kamata ya wuce amfiya 0.05 ba. Idan aka ga ya haura sosai, sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita, duk wanda aka zare lambar ta faɗi, to ɓarawon yana kan wannan layin. Idan an gama zare su duka lambar ba ta motsa ba, sai a cire babbar wayar altaneta, domin akwai wasu ƙananan abubuwa a cikinta da ke hana wuta komawa baya, kuma idan ɗaya ya lalace altanetar da kanta takan zuƙe batir cikin dare. Ta Beljiyam ma tana iya zuwa da wannan ciwon.

Ƙyaf-ƙyaf ɗin dashbod da nauyin sitiyari kuwa, kafin komai a duba baƙar wayar da ta haɗa batir da ƙarfen jikin mota, da wadda ta haɗa inji da jikin motar. Sitiyarin yawancin ƙananan motocin yanzu da wuta yake aiki, ba da mai ba, kuma yana cin wuta da yawa musamman lokacin juyawa a hankali, shi ya sa ya kama ka a shataletale.

Malamin Sakandare, Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai. Gaskiya ban taɓa ganin sun ɗauko mita ba. Abin da na gani shi ne wani yaro yana goga waya a kan batir yana duba tartsatsi. Sun dai sa mata kwamfuta sau ɗaya, suka ce ta nuna ƙwaƙwalwa, amma ban ga abin da ta rubuta ba.

Mai Wayarin, Ƙofar Ƙwaya:
To ba a nan gizo ke saƙa ba. Na'urar da ake jonawa a ƙasan sitiyari ba ta cewa a canza kaza, lamba kawai take bayarwa. Wannan soket mai ƙafa 16 doka ce ta sa kowace mota ke da shi, a Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga masu shan fetur, don haka lambobin da suka shafi inji kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Misali P0562 ma'anarta wuta ta yi ƙasa a motar. Ƙwaƙwalwa ce ta ba da rahoton, amma ba ita ce mai laifin ba, kamar a ce ɗan aike ya kawo labarin gobara a kama shi da duka. Ka nemi su nuna maka lambar ka ɗauke ta a hoto. Ka kuma sani cewa a motoci da yawa cire batir yakan goge waɗannan lambobi, kuma naka an cire shi aƙalla sau uku.

Dillalin Mota, Titin IBB:
Ni dillali ne, amma ba ni na sayar wa Malam mota ba, kuma ban san wanda ya sayar masa ba. Ina so a yi mana adalci kaɗan. Ciwon wuta mai zuwa ya tafi shi ne mafi wahalar kamawa, domin sau da yawa mai mota zai kawo ta yana rantsuwa, ta yini a gareji ba ta yi komai ba, ya tafi da ita ta yi masa a hanya. Bakanike kuma mai mota yana tsaye a kansa yana cewa sauri yake yi, to dole ya fara da abin da ya fi yawan lalacewa, kuma a Katsina batir ne. Duk wanda ya san zafin Afrilu da Mayu a garin nan, lokacin da ake haura digiri 40, ya san batir ba ya daɗewa kamar yadda kamfani ya rubuta a jikinsa.

Sannan akwai abin da masu motoci ba sa faɗa. Mutum zai karɓi mota ya wuce wurin masu kayan sauti a sa masa babbar sifika, a canza masa fitilu, a yanke wayoyi a naɗe da salatif, wani ma a cire masa tamostat a jona fanka kai tsaye, in ta fara ciwo sai ya dawo ya ce dillali ya cuce shi. Shawarata ga Malam ita ce kada ya janye motar yanzu, domin da zarar wani na waje ya sa mata almakashi, takardar nan ta mutu, kuma dillalin zai sami hujjar zare hannunsa.

Malamin Sakandare, Ƙofar Ƙaura:
Alhaji, wallahi ban ƙara mata komai ba, ko cajar waya ba na bari a jone. Yadda na karɓe ta haka take.

Ma'aikaciyar Jinya, Batagarawa:
Malam, kafin ka ci gaba da kashe kuɗi ka ɗaga kafet ɗin motar, musamman ƙarƙashin kujerar direba da wurin ajiye safaya taya. Mun taɓa sayen wata ƙaramar mota mai kyan gani, ta yi shekara tana wahalar da mu da gilas da ke sauka da kansa da fitilun da ke kamawa ba dalili, sai ranar da aka cire kujerun don wanki muka ga busasshen taɓo a ƙasan kafet, ƙarafan kujera sun yi tsatsa, kawunan wayoyi sun yi kore. Ashe motar ambaliya ce. Bayan guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017 dubban ɗaruruwan motoci ne ruwa ya cinye, kuma irinsu kamfanonin inshora kan yi gwanjonsu, wasu su ƙare a ƙasashenmu an wanke su tas. Idan motarka daga Amurka ta fito, lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17 tana nan a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ana iya bincika tarihinta da ita a intanet. Tamu dai sayar da ita muka yi da asara, bayan mun gaya wa mai saye gaskiya.

Tsohon Direba, Daura:
Na karɓi gyaran yaron nan, ilimi ba ya ƙarewa. Amma Alhaji dillali, batun batir ka faɗi gaskiya rabi ka bar rabi. Zafi yana kashe batir a shekara ɗaya ko biyu, ba a mako uku ba. Batir na farko uzuri ne, na biyu kuwa ya kamata mai gareji ya tsaya ya tambayi kansa abin da ke cinye su. Kuma ina tsohuwar altanetar take? An ba Malam kayansa, ko tana can an wanke ta za a sa wa wani a matsayin ta Beljiyam?

Dillalin Mota, Titin IBB:
Baba, a kan batir na biyu ba ni da ta cewa, ka fi ni gaskiya. Tsohon kaya kuma hakkin mai mota ne tunda shi ya biya sabo. Abin da kawai nake tsoro shi ne a zuga Malam ya tafi da fushi ya rasa wata ɗayan da ya rage masa.

Ma'aikacin Kotu, Katsina:
Ana iya haɗa maganar Alhaji da ta mai wayarin ba tare da an rasa ko ɗaya ba. Awo da mita ba gyara ba ne, ba a yanke waya ba a canza kaya, don haka Malam yana iya zuwa garejin dillalin da mai wayarin da ya yarda da shi, a yi awon a gaban kowa, ma'aikatan garejin su yi gyaran da hannunsu. Ta haka takarda tana nan da ranta.

Abin da na fi so Malam ya yi a daren yau shi ne ya zauna ya rubuta kwanakin zuwansa huɗu, abin da ya faɗa musu kowane zuwa, abin da suka canza da kuɗin da ya biya, ya haɗa da rasit idan akwai, sannan ya aika wa dillalin saƙo a rubuce cewa matsalar da ya kawo tun watan farko har yau ba ta warke ba. Amfanin wannan shi ne idan wa'adin ya cika ba za a ce masa sabuwar matsala ce ba. Na ga shari'o'i da dama sun lalace saboda komai da baki aka yi. Akwai dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta shafi aikin gyara kamar yadda ta shafi kayan sayarwa. Amma a ganina ba a kai nan ba tukuna, domin irin wannan saɓani shugabannin dillalai sukan sasanta shi a zama ɗaya idan mai ƙorafi ya zo da rubutu a hannunsa.

Kada kuma ka biya kuɗin ƙwaƙwalwa sai an rubuta maka cewa idan aka sa ba ta magance matsalar ba, za a cire a mayar maka da kuɗinka. Idan sun tabbata da abin da suka gano ba za su ƙi rubutawa ba.

Mai Wayarin, Ƙofar Ƙwaya:
In ƙara a kan wannan, ƙwaƙwalwa ba kamar batir ba ce da za a cire a sa. A yawancin motocin wannan shekarar tana haɗe da ɗan guntun da ke cikin makulli, don haka ko dai a kawo ta da makullinta da sauran abokan tafiyarta, ko a nemo mai na'urar da zai daidaita su. Masu kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kuma da wuya su karɓi kayan wuta idan an riga an jona. Idan ka duba akwatin fiyus ka lura da launi: ja mai amfiya 10 ne, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. A murfin akwatin an rubuta na kowane gurbi. Idan ka ga kore a gurbin ja, ko fiyus da aka naɗe da zaren waya, wani ya taɓa ɓoye ciwo a wurin.

Malamin Sakandare, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan kwana shida. Na ɗaga kafet kamar yadda Hajiya ta ce, alhamdu lillahi babu taɓo babu tsatsa. Na aika saƙon a rubuce, dillalin ya ɗan ji haushi da farko, amma ya yarda in zo da mai wayarin, sai na ɗauki wani dattijo da ke aiki kusa da unguwarmu muka je ranar Asabar.

Da aka jona mita aka jira, sai ta tsaya a kan amfiya 0.34. Dattijon ya yi mini lissafi a bayan kwalin fulogi: daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin sa'a 62 ce, a ninka da 0.34 ya ba da kusan 21, batirina kuma mai 45 ne, wanda dama ba ya cika saboda tafiyata daga gida zuwa makaranta ba ta kai minti goma ba. Aka fara zare fiyus, a na tara lambar ta faɗo 0.03. Da aka bi layin aka buɗe ƙasan sitiyari, sai ga wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana an ɗaure shi da salatif, da rile, wato ɗan makunnin da ke buɗewa da rufe hanyar wuta, a gefensa, rilen da ɗumi alhali motar ta fi sa'a ɗaya a kashe. Na'urar bin sawun mota ce, wadda ake iya kashe inji da ita daga nesa, an jona ta yadda rilen ba ya sakin wuta dare da rana, ɗan batirin cikinta kuma ya kumbura.

Baƙar wayar jikin mota ma an same ta da laifi. Daga waje tsaf take, amma da aka kwance ƙusar sai ga farin gari da tsatsa a ƙarƙashinta, kuma da hannu ma ana iya juya ta. Kafin a kwance an auna tsakanin kan batir da jikin inji ana tayarwa an ga bolt 0.9 na ɓacewa a hanya, bayan an kankare an ɗaure ya koma 0.2. Kwana huɗu ke nan ina fita da dare da esi da fitilu, dashbod bai ƙyafta ba. Ba a sake ambaton ƙwaƙwalwa ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Batagarawa:
Alhamdu lillahi. Amma wa ya sa na'urar, kuma da saninka?

Malamin Sakandare, Ƙofar Ƙaura:
Ba da sanina ba. Dillalin ya ce yakan sa wa motocin da ke filinsa saboda ɓarayi, kuma yaransa ne suka manta ba su cire ba lokacin da na biya.

Dillalin Mota, Titin IBB:
Sa na'urar ba baƙon abu ba ne, ni ma ina sawa, musamman ga motar da za a biya kashi-kashi, amma da sanin mai saye ake yi kuma a rubuta. Barin ta a motar da aka gama biya kuskure ne babba, domin ban da shan batir, duk inda Malam ya je wata biyar ɗin nan wani yana iya gani a wayarsa. Ba zan kare wannan ba. Inda nake ganin za a yi jayayya shi ne altaneta, don zai iya cewa tsohuwar ma ta gaji.

Mai Wayarin, Ƙofar Ƙwaya:
Idan tana nan a kawo ta a gwada, minti goma ne. Malam, ka kuma sa a gwada batirin da ke kai yanzu da na'urar da ke ɗora masa nauyi, ba mita kawai ba. Batirin mota ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi ƙarƙaf ba, duk lokacin da ya kwana a mace wani ɓangare na ƙarfinsa ba ya dawowa, kuma naka ya sha wannan kusan kowane ƙarshen mako. Yana iya yi maka aiki yanzu ya ba ka kunya da sanyin safiyar hunturu.

Malamin Sakandare, Ƙofar Ƙaura:
An gwada shi jiya, dattijon ya ce ya raunana amma zai ɗan ja. Dillalin ya amince zai mayar mini da kuɗin batir ɗaya, ya kuma ƙara wata biyu a kan takardar, an rubuta an sa hannu. Tsohuwar altaneta kuwa an ce an neme ta a garejin ba a gani ba, wai sai yaron da ya cire ta ya dawo daga Jibiya. Mun yi da dillalin zan koma ranar Laraba bayan la'asar, kuma na ajiye motar tun yammacin yau Juma'a, ba zan taɓa ta ba sai Litinin da safe.